Labarin Hukumar Hanyoyi ta Jihar Ayowa, da Yadda Aka Fid da Manomanta Daga Taɓo

 Abin da aka zaɓa a yi magana a kansa yau labarin wata ƙasa ce mai nisa, wadda galibin waɗanda ke zaune a nan ba su da ko ɗan'uwa a cikinta. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin hanya a ofishin En'e, ko ya taɓa tsayawa bakin rafi da damina yana duban gurbin gadar da aka biya kuɗinta bara, ba zai ji labarin nan baƙo a kunnensa ba.

Ayowa jiha ce a tsakiyar ƙasar Amurka. Kogin Misisifi ya yi mata iyaka daga gabas, kogin Misuri kuwa daga yamma. An karɓe ta cikin jerin jihohi a shekara ta 1846, babban birninta Des Moines. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai baƙar laka, masara na yi ƙwarai, mutanenta kuma makiyayan aladu ne da shanu. An raba ta gunduma 99, ko wace gunduma kuma an yanka ta ƙananan yankuna, galibinsu mil 6 tsawo, mil 6 faɗi.

Tun kafin manoma su cika ƙasar, safiyoyin gwamnati suka auna ta, suka tsaga ta gida gida kamar ramukan dara, ko wane gida mil ɗaya ta ko wace fuska. Da mutane suka zo suka kafa gonaki, sai aka bar hanya a kan kusan ko wane layi da safiyo ya ja. Ba a kula da fadama ba, ba a kula da tudu ba, inda layi ya bi nan hanya ta bi. Saboda haka jihar nan ta wayi gari da hanyoyi fiye da mil 100,000. A takarda kam abin sha'awa ne. Amma da aka ƙidaya a shekara ta 1904, waɗanda aka zuba wa tsakuwa ko fasasshen dutse ba su kai 2 cikin 100 ba. Saura duka ƙasa ce zalla.

Ga kuma abin mamaki: ƙasar da ta arzuta su ita ce ta ɗaure su. Baƙar lakar nan da ke ba da masara, in ta sha ruwa sai ta zama kamar danƙo. Da hunturu ƙanƙara ta kan sauka, ƙasa ta daskare ta yi tauri kamar dutse. In bazara ta zo ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya biyo baya, sai hanya ta koma caɓi, ƙafar keken doki ta nutse har gindi, dawaki su yi ta fama su gaji. Manomi na ji an ce kuɗin masara ya hau a tashar jirgin ƙasa, ga rumbu cike, ga tasha mil biyar ko shida, amma ba dama. Sai ya jira hanya ta bushe, ran da ta bushe kuwa kowa ya fito da nasa, kasuwa ta faɗi. Yara su yi makonni ba su je makaranta ba, mai ciwo ya kwana yana jiran likita. In rani ya yi kuma lakar ta bushe da sawun ƙafafun kekuna a jikinta, ta zama kunya kunya, ƙura ta tashi.

To, wa ke da alhakin gyara? A nan ne maganar ta ke. A dokar farko hanya ta mutanen yanki ce. An yanka ko wane yanki ƙanana ƙanana, ko wane yanki da nasa sarkin hanya, wanda maƙwabtansa su ka zaɓa. Ko wane namiji baligi lafiyayye yana da kwana biyu a shekara da zai yi aikin hanya, kuma mai gona yana da ikon ya biya harajin hanyarsa da ƙarfinsa, ya zo da dawakinsa da garmarsa maimakon kuɗi. A ido wannan tsari ne na adalci, gama ba a tambayi talaka abin da ba ya da shi ba. Amma a aikace sai ya zama ranar hira. A kan sa ranar aiki sa'ad da gona ba ta bukatar kowa, ba sa'ad da hanya ke bukatar gyara ba. Mutane su taru, a ɗan kafta ƙasa daga gefe a jibge a tsakiya, har da ciyawa da saiwoyi, a zauna inuwa a sha taba, la'asar ta yi a rubuta wa kowa ya biya. Sarkin hanya ba zai tsananta ba, don wanda zai tsananta wa shi ne zai zaɓe shi baɗi, wataƙila ma surukinsa ne. Shi kansa bai taɓa koyon yadda a ke fid da ruwa daga kan hanya ba. Sau da yawa hanya ta kan fi lalacewa bayan an gyara ta.

Waɗanda suka fara ɗaga murya ba manoma ba ne, mahaya basukur ne na birane. Sun kafa ƙungiyarsu a shekara ta 1880, suka yi ta buga takardu suna kukan munin hanyoyi. Manoma suka ce, wato mu biya haraji don 'yan birni su sami wurin shan iska? Maganar ba ta shige su ba sai da gidan waya ya shigo ciki. A shekara ta 1896 aka fara kai wa mutanen karkara wasiƙu har ƙofar gida kyauta, amma gidan waya ya ce masinjansa ba zai bi hanyar da ba ta biyuwa ba. Nan fa wanda maƙwabcinsa ke samun jarida kullum, shi kuwa sai ya je gari, ya fara duban hanyar ƙofar gidansa da wani ido. A can gabas kuwa jihar Niyu Jasi ta riga ta yi doka tun 1891, cewa jiha za ta ɗauki sulusin kuɗin gina hanya, masu gonakin bakin hanya ushiri, gunduma ta cika saura. Jihar Masacuset ta kafa hukumar hanyoyi a 1893. A shekarar nan kuma gwamnatin tarayya ta buɗe ɗan ƙaramin ofishin binciken hanyoyi a Washinton, aka ba shi dala 10,000.

Majalisar Ayowa ba ta motsa ba sai a shekara ta 1904. Da ta motsa ɗin ma, a hankali ta taka. Ba ta kafa sabuwar ma'aikata ba. Sai ta ce babbar makarantar noma da aikin injiniya da ke garin Ames ita ce za ta zama Hukumar Hanyoyi ta Jiha. Makaranta ta ɗora aikin a kan shugabannin sassa biyu, Anson Marston na sashen injiniya, da Charles Curtiss na sashen noma. Kuɗin da aka yanka musu dala 7,000 ne na shekara biyu. Aikinsu su yi bincike, su zana yadda ya kamata a gina hanya da gada, su koya wa wanda ya so koyo, su ba da shawara in an tambaye su. Ba su da ikon su umarci ko da sarkin hanya guda. Masu aikin kotu sun san irin wannan doka, wadda ta faɗi abin da ya kamata, ba ta faɗi abin da zai sami wanda ya ƙi ba.

Shugabannin nan biyu suna da aikin koyarwa, saboda haka suka ɗauki wani saurayi da ya gama karatun injiniya a makarantar a wannan shekara, sunansa Thomas MacDonald. An haife shi a 1881, ya girma a wani ƙaramin gari na Ayowa da a ke kira Montezuma, inda ubansa ke cinikin hatsi da katako. Watau tun yana yaro ya ga yadda ciniki ke tsayawa cik in hanya ta jiƙe. Mutum ne marar yawan magana, ba a san shi da wasa ba, ko kaɗan ba ya son a yi masa ƙiyasi da baki, sai a kawo lissafi a rubuce. Ya shiga yawo gunduma gunduma, wani wuri a jirgin ƙasa, wani wuri a kan doki, yana auna gadoji, yana duba littattafan kuɗi inda aka yarda aka nuna masa. Daga 1905 kuma hukuma ta fara tara ma'aikatan hanya na gundumomi a Ames, a yi 'yan kwanaki ana nuna musu yadda a ke haƙa magudana, da yadda a ke kwaɓa kankare a zuba kwalbati.

Abin da ya fara taimakon hanyoyin Ayowa ba daga makaranta ya fito ba, daga gonar wani manomi ne na jihar Misuri, D. Ward King. Dabararsa ba ta da wuya, har ma mutum ya ji kunyar kiranta dabara. A sami gungume mai tsawon ƙafa 7 ko 8, kaurinsa inci 10 zuwa 12, a tsaga shi biyu. A jera ɓarin nan biyu ɗaya gaban ɗaya, fuskar da aka tsaga tana duban gaba, tsakaninsu kamar inci 30, a haɗa su da sanduna, a shimfiɗa katako a bisa inda mutum zai tsaya. Sa'an nan a ɗaura sarƙa, dawaki biyu su ja shi a karkace, ba a miƙe ba. In ana ja, sai ya riƙa aske tudun da ƙafar keke ta tayar, yana cike ramuka, yana tura 'yar ƙasa kaɗan zuwa tsakiyar hanya. A tafi ta hannun dama, a komo ta ɗaya hannun.

Asirin abin yana ga lokaci. Ba a ja sa'ad da ƙasa ta bushe, ba a kuma ja tana caɓi, sai bayan ruwa ya ɗauke, tana da danshi amma ba ta kama ƙafa. A sa'an nan gungume ya kan shafe lakar kamar yadda magini ke yaɓe, rana ta gasa ta, ta yi ɓawo. In aka yi haka bayan ko wane ruwa, a hankali hanya ta kan yi doro, ruwa ya riƙa gangarewa gefe maimakon ya kwanta a tsakiya. A shekara ta 1905 wani kamfanin jirgin ƙasa ya ɗauki King a jirgi na musamman, aka bi da shi garuruwan Ayowa, a ko wace tasha ya sauka ya haɗa gungume a gaban jama'a ya ja. Kada a ce kamfanin jirgi alheri ya yi. Hatsin da ya kasa isowa tasha ba ya shiga tarago. Manoma suka karɓi abin hannu biyu biyu, don ba ya cin kuɗi, kuma ba ya bukatar injiniya. A 1910 aka tsara wata hanya tun daga Davenport a bakin Misisifi, ta bi ta Des Moines, har Council Bluffs a bakin Misuri, kamar mil 380. Labarin da a ke bayarwa shi ne an raba ta gutsure gutsure ga manoman da ke bakinta, rana ɗaya mutum wajen 10,000 suka fito, cikin sa'a guda aka ja ta daga kogi zuwa kogi.

Amma gungume ba ya gina gada, kuma a gada ne kuɗi su ke. Jiha mai hanya a ko wane mil, mai rafuka ko'ina, gadojinta da kwalbatocinta ba su ƙidayuwa, har kuɗinsu ya kan cinye babban rabo na harajin hanya. Masu ba da kwangilar gada su ne wakilan gunduma, mutane zaɓaɓɓu, galibinsu manoma, waɗanda ba su san nauyin ƙarfe ko ƙarfin siminti ba. Gunduma ba ta da injiniya. Saboda haka ɗan kwangila shi ke zana gada, shi ke faɗin kuɗinta, shi ke ginawa, shi ke kuma shaida cewa ta yi kyau. Kamfanonin gada kuwa sun raba jihar a tsakaninsu a ɓoye, wannan gundumomin nan nasa ne, wancan waɗancan. In an kira tayi, sauran su kan faɗi kuɗi mai yawa da gangan don mai wurin ya ci. A waɗansu gundumomi ma ba a kiran tayi, kamfani ɗaya a ke ba aikin shekara duka.

Da MacDonald da mutanensa suka shiga aunawa, sai ga gadar da aka biya kuɗin ƙarfe mai kauri an sa siriri, ga wadda aka rubuta tsawonta ya fi abin da ke bisa rafi, ga aikin da aka biya sau biyu. Ba duka wakilai ne ɓarayi ba. Da yawa ba su ci ko anini ba, sun dai sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba. Amma ga baitulmali duk ɗaya ne, ko an sace ko an yi sakaci, kuɗi ya fita. Jaridu suka ɗauki maganar, mutane suka fusata, kuma wannan fushi ne ya yi abin da shekara tara ta wa'azin hanya ba ta yi ba.

A shekara ta 1913 majalisa ta sake doka. Aka raba hukuma da makaranta, ko da ya ke ofishinta ya zauna a Ames. Aka sa mata mutum uku, shugaban sashen injiniya na makarantar, da biyu da Gwamna zai naɗa daga jam'iyyu dabam dabam. Aka ba ta ikon duba aikin ma'aikatan hanya na gunduma da na yanki. Aka wajabta wa ko wace gunduma ta ɗauki injiniya. Gada kuma sai a kan zanen da hukuma ta fitar, babbar kwangila sai an yi shela an kira tayi, sai kuma hukuma ta duba ta yarda. MacDonald ya zama babban injiniya. Tun daga ran nan ɗan kwangila ya daina zama alƙalin aikin kansa.

Kada a zaci kowa ya yi murna. 'Yan kwangila sun yi baƙin ciki, dalilinsu a fili ya ke. Wakilan gunduma suka ga an rage musu girma, wai yaro ɗan makaranta daga Ames zai zo ya ce da dattijo kwalbatinsa bai yi ba. Manoma da yawa kuma suka tsorata, suka ce yau zanen gada ne, gobe za a ce a shimfiɗa kankare, mu ne kuwa za mu biya. A zaman majalisa na 1915 aka nemi a rushe hukumar, ba a samu ba. A zaɓen Gwamna na 1916 maganar hanya ta zama babbar magana. E. T. Meredith, mai buga jaridar manoma, yana goyon bayan hanyoyi masu ƙarfi, William Harding kuwa ya tsaya a kan kada a ɗora wa manomi bashi, har aka riƙa kiran ɓangarensa 'yan hanyar taɓo. Harding ya ci. A 1917 aka sake kawo shirin rushe hukumar, da ƙyar ta tsira.

Abu biyu suka tsare ta. Na ɗaya mota. Kamfanin Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, manoma suka yi ta saye. A 1905 motocin da aka yi wa rajista a Ayowa ba su kai 1,000 ba, a 1915 sun haura 140,000. Mutumin da ya zagi hanyar kankare a taro, shi ne gobe za a gani yana roƙon maƙwabci ya zo da dawaki a fid da motarsa daga laka. Na biyu kuɗin tarayya. Ran 11 ga Yuli, 1916, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar taimakon hanyoyi, dala miliyan 75 cikin shekara biyar. A kan raba wa jihohi bisa ga faɗin ƙasa, da yawan jama'a, da tsawon hanyoyin da masinjan gidan waya ke bi. Ko wace dala ta tarayya sai jiha ta kawo tata dala, kuma ba a ba jihar da ba ta da ma'aikatar hanyoyi. Wanda ya rushe hukuma, ya mayar wa Washinton rabon jiharsa ke nan. Ko 'yan hanyar taɓo ba su so a ce su suka yi wannan ba.

Yaƙin duniya na farko, wanda Amurka ta shiga a 1917, ya tsai da aiki. Bayansa, a 1919, majalisa ta ware hanyoyi kamar mil 6,400 waɗanda suka haɗa hedkwatar ko wace gunduma da manyan garuruwa, ta kira su manyan hanyoyi, ta buɗe musu asusu na kansu wanda kuɗin rajistar mota da na tarayya ke shiga. Amma ta bar wa gunduma zaɓi. Ba za a zuba kankare ba sai mutanen gunduma sun jefa ƙuri'a sun yarda, in kuwa an zuba, masu gonakin da ke kusa da hanya za su biya rubu'in kuɗin.

An daɗe ana zargin manoman Ayowa da taurin kai a kan wannan, amma in an duba da adalci suna da hujja. Babbar hanya ta kowa ce, motar Chicago na bi, motar Omaha na bi, ɗan kasuwan birni na bi, amma takardar biya ta mai gonar da hanya ta ratsa ce. Ga shi kuma daga 1920 kuɗin amfanin gona ya faɗi warwas, mutane da yawa suna bin bashin ƙasar da suka saya da tsada lokacin yaƙi. Wanda a ke neman ƙwace wa gona ba ya jefa ƙuri'ar ƙarin haraji. Gundumomi da yawa suka ƙi. Sai hanya ta zama kamar rigar faci, nan kankare, can tsakuwa, gaba kaɗan taɓo. A gundumar Linn, tsakanin 1918 da 1919, masu kula da hanyar Lincoln, wadda ta taso daga Niyu Yok zuwa San Faransisko ta ratsa Ayowa, sun sa an zuba kankare mil ɗaya tak a tsakiyar karkara, da simintin da aka ba da kyauta. Nufinsu mutum ya fito daga laka ya hau, ya ji daɗi, ya sake faɗawa laka, ya koma gida yana tunani.

MacDonald bai ga ƙarshen wannan gardama a Ayowa ba. A 1919 aka kira shi Washinton ya shugabanci ofishin hanyoyi na tarayya, ya riƙe shi har 1953. Fred White ya gaje shi a Ames, shi ma ya zauna har 1952. Daga sabuwar kujerarsa MacDonald ya matsa wa jiharsa ta haihuwar aiki fiye da yadda ya iya yana cikinta. Dokar tarayya ta 1921 ta ce a tattara kuɗin taimako a kan hanyoyin da ba su wuce 7 cikin 100 na hanyoyin ko wace jiha ba, waɗanda za su haɗu da na maƙwabta, kuma ma'aikatar jiha ce za ta riƙe gininsu da gyaransu, ba gunduma ba. Ayowa ta yi ta jan ƙafa, ana yi mata kashedi cewa za a tsai da rabonta.

Abin da ya warware ƙullin harajin man fetur ne. Jihar Oregon ta fara shi a 1919, santi ɗaya a galan. Ayowa ta bi a 1925 da santi biyu. Haraji ne da ba ya bukatar mai tarawa ya bi gida gida, ba a kuma gardamar ƙiyasi, wanda ya fi bin hanya shi ya fi biya, baƙo mai wucewa ma ya bar nasa. Da kuɗi ya samu ta wannan ƙofa, sai majalisa ta iya yin abin da ta daɗe tana tsoro. A 1927 ta danƙa manyan hanyoyi gaba ɗaya a hannun hukuma, ta kuma soke kuɗin da a ke ɗora wa masu gonakin bakin hanya. Shekara 23 ke nan tun ran da aka kafa hukumar da ba ta iya umartar kowa.

Saura magana ɗaya, ta kotu. A 1928 aka tambayi jama'ar jiha ko sun yarda a ci bashin dala miliyan 100 a gama manyan hanyoyi gaba ɗaya. Mutanen nan da suka zaɓi 'yan hanyar taɓo shekara goma sha biyu baya, suka ce sun yarda. Amma a 1929 Babbar Kotun Jiha ta soke dokar, ta ce ta saɓa wa sharuɗɗan da tsarin mulkin jiha ya gindaya a kan cin bashi. Ƙuri'ar jama'a ba ta halatta abin da babbar doka ta hana ba. Ba wanda ya ɗaga wa alƙalai murya har ya yi tasiri, sai aka nemi wata ƙofa. Gundumomi suna da ikon cin bashi in mutanensu sun yarda, saboda haka ko wace gunduma ta fitar da takardun bashi da sunanta, hukuma ta yi aikin, a riƙa biyan bashin daga asusun manyan hanyoyi. Da manomi ya tabbata ba gonarsa za a bi ba, sai gunduma bayan gunduma suka jefa ƙuri'ar yarda. A shekara ta 1930 kaɗai an shimfiɗa kankare wajen mil 1,000.

A 1942 jama'a suka ƙara wani sharaɗi a tsarin mulkin jiha, cewa harajin fetur da kuɗin rajistar mota ba za a taɓa su don wani aiki ba sai na hanya. A 1949 aka fara aiki da wani inji da James Johnson, injiniyan hukumar, ya ƙago, wanda ke zuba kankare yana tafiya ba tare da an kafa masa katako ko ƙarfe a gefe ba, dabarar da ƙasashe da yawa suka ɗauka daga baya. Hukumar ta riƙe sunanta har 1975, sa'ad da aka haɗa ta da masu kula da jiragen ƙasa da na sama da rajistar motoci, aka kira su Ma'aikatar Sufuri ta Ayowa. Babban ofishinta yana nan a Ames, garin da aka fara da malamai biyu da saurayi ɗaya da dala 7,000.

Ranku ya daɗe, iyakar labarin ke nan.